Ra'ayinmu: Mudun da Muke Auna 'Ya'yan Jama'a da Shi

A zaman reshenmu da ya gabata, bayan an gama maganar ƙarin girma da ta haƙƙoƙin da muke bi, wani daga cikinmu, malamin kimiyya da ya daɗe a bakin allo, ya ciro wata takarda daga aljihu ya nemi izinin shugaba ya karanta. Takardar falle ɗaya ce, gaba da baya. Ya samo ta ne daga hannun wani abokinsa da ke koyar da kemistiri a wata makarantar sakandare ta 'yan Katolika a nan Kano, kuma ita ake raba wa kowane ɗalibi a makon farko na shigarsa babbar sakandare. A cikinta an jera darussan zangon, mako bayan mako. An faɗi gwaji nawa za a yi da lokacin kowanne. An bayyana makin da ke kan aikin gida, da wanda ke kan littafin ɗakin gwaje-gwaje, da wanda ke kan jarrabawar ƙarshen zango. An faɗi abin da zai sami wanda ya kawo aiki a makare, da wanda aka kama ya kwafi na wani, da wanda rashin lafiya ta hana shi zuwa ranar gwaji. A can ƙasa akwai layi uku na sa hannu: na ɗalibi, na mahaifi ko mai riƙo, da na malamin kansa.

Da ya gama, ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan muhawara ta ɓarke. Wasu suka ce wannan abin masu kuɗi ne, wanda ajinsa bai wuce yara arba'in ba shi ke da sukunin irin wannan tsari. Wasu suka ce ai ba yau aka fara yi mana gori da makarantun mishan ba, kuma mun gaji. Wata malama da ke koyarwa a makarantar 'yan mata ta ce ita abin da ya tsaya mata a rai shi ne layi na uku, wato malami ma ya sa hannu, ya ɗaure kansa a gaban ɗalibi da iyayensa. A kan wannan magana tata muke so mu tsaya a wannan fitowa, domin a ganinmu ta taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi.

Bari mu fara sauke abin da ya kamata a sauke. Tun da Turawa suka ci Kano a 1903, gwamnatinsu ta hana 'yan mishan aiki a cikin ganuwa, shi ya sa makarantunsu suka tashi a waje, wajejen Sabon Gari da Bompai. Sistocin St. Louis sun iso Kano daga ƙasar Ailan a 1948, kuma makarantarsu ta 'yan mata da ke Bompai, da takwararta St. Thomas, sun daɗe da suna a bakin jama'a wajen tsare doka da kula da karatu, har gidajen Musulmi da dama sun kai 'ya'yansu can. Amma gaskiya ne cewa makaranta mai karɓar kuɗi, mai zaɓen ɗalibanta ta hanyar jarrabawar shiga, ba a kwatanta ta kai tsaye da tamu wadda ƙofarta ke buɗe ga duk wanda aka turo. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibi 40 a sakandare. Akwai 'yan uwanmu a nan cikin birni da ke shiga ajin da ya ninka haka, wasu yaran a ƙasa, wasu a bakin taga. Wanda ya ce mu yi abin da ake yi can ba tare da ya ambaci wannan ba, bai yi mana adalci ba.

Sai dai kuma falle ɗaya na takarda ba ya cin kuɗin gina aji. Abin da ke cikinsa ma ba baƙo ba ne a garin nan. Gaskiya ne 'yan Katolika sun daɗe da al'adar rubuta ƙa'idojin karatu. Tun a 1599 limaman Jesuit suka fitar da kundin da ya tsara yadda za a gudanar da jarrabawar rubutu a makarantunsu, da yadda ɗalibi zai wuce daga aji zuwa aji, da yadda za a ba da kyauta. To mu fa? Duk wanda ya yi makarantar allo a Madabo ko Alfindiki ko wata unguwa cikin unguwannin nan ya san cewa ba a wanke allo sai an biya wa malam ya ji karatu ya zauna. Yaro ya san abin da ake nema a wurinsa tun kafin ya durƙusa, ubansa ma ya sani, kuma babu attajirin da zai zo ya ce a yi wa ɗansa ƙari alhali bai kiyaye na jiya ba. A karatun zaure ba a ɗaukar Risala sai an ratsa Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Ma'auni a fili yake, kuma malami ya fi kowa tsoron taɓa shi. Mu da aka rene mu a kan wannan, ina muka yar da shi da muka shiga aji muka ɗauki alli?

Mu duba yadda maki ke haɗuwa a wurinmu. Tun da tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya shigo da awon ɗalibi a tsawon zango, wanda muka saba kira CA, aka daina rataye makomar yaro a kan jarrabawar rana ɗaya. Manufar kyakkyawa ce. Makarantu kan ware maki 30 ko 40 cikin 100 don aikin zango, sauran su tafi ga jarrabawa, kuma hukumomin jarrabawa na karɓar makin da muke tura musu su haɗa da nasu. To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, tunda a cikin gida muke: sau nawa aka cika wannan gurbi a daren da za a miƙa takardun sakamako, da ka, ba tare da an yi gwaji ko ɗaya ba? Sau nawa aka ba yaro 25 saboda yana da ladabi, aka ba wani 12 saboda yana da surutu? Akwai inda sayen takardun darasi daga hannun malami ya zama rabin maki. Akwai inda ake yanke maki goma don an makara zuwa taron safe. Ladabi abu ne mai daraja, makara kuma laifi ce da ke da nata horon, amma idan aka zuba su a cikin makin kemistiri, lambar da ta fito ba ta ƙara gaya wa kowa ko yaron ya san kemistiri. Ta zama kamar mudun da aka cusa wa tsumma a gindi: ana ganinsa cike, a gida ake gane ƙarya.

Kemistiri kuwa yana cikin darussan da ƙarya ba ta daɗewa a cikinsu, saboda gini ne bulo bisa bulo. Ɗalibin da ya bar aji ɗaya bai iya daidaita lissafin haɗuwar sinadarai ba, bai gane mene ne mol ba, duk abin da za a ɗora masa a aji biyu da aji uku a kan iska ake ɗora shi. Idan muka ba shi 55 don kada ransa ya ɓaci, ma'aunin da yawancin makarantunmu ke bi ya ce ya sami kiredit, ya tafi gida da murna, uwarsa ta yi masa addu'a, ubansa ya fara lissafin Jami'ar Bayero da karatun likita. Shekara biyu ana wannan mafarki. Sai ranar WAEC ko NECO ta zo, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. A WAEC, takarda ta farko tambayoyin zaɓi ce, ta biyu ta bayani, ta uku kuma ta aiki da hannu. A nan za a ajiye masa dogon bututun gilashi mai ma'auni, a ce ya ɗiga asid a kan kishiyarsa ɗigo bayan ɗigo har launi ya juya, ya karanta adadin zuwa gurbi biyu bayan ɗigon lissafi, ya maimaita har amsoshinsa su kusanci juna, sannan ya yi lissafi da abin da ya samu. Za a ba shi wani gishiri da bai san sunansa ba, a ce ya gwada, ya rubuta abin da ya gani da abin da ya fahimta. Yaron da bai taɓa riƙe bututun nan ba, hannunsa rawa zai yi.

Akwai wani abu a wannan takarda ta uku da ya kamata iyaye su sani. Malamin makarantar ne ke haɗa ruwan gwajin bisa umarnin hukumar jarrabawa, shi ma ya yi awon da kansa ya rubuta abin da ya samu, kuma da nasa adadin ake duba daidaiton na ɗalibai. Wato tsarin kansa a kan amanar malami aka kafa shi. In ya yi awonsa da kasala, ya cuci yaran da suka yi daidai. In ya rubuta adadin a allo kowa ya kwafa, ya fitar da aji guda masu shaidar iya abin da ba su iya ba.

Kuma wannan na biyun ne ya fi tayar mana da hankali, domin yaron da ya faɗi, aƙalla ya san matsayinsa, yana iya sake shiri. Wanda aka tura gaba da shaidar ƙarya fa? Kemistiri na cikin darussa biyar da ake nema ga mai son karatun likita ko haɗa magunguna ko jinya, tare da Turanci da lissafi da fiziks da bayoloji. Lissafin ƙarfin ruwan gwaji da muke koyarwa a aji biyu ɗan uwa ne na jini ga lissafin adadin maganin da za a ɗura wa jariri. Ɗigon lissafi ya gusa gurbi ɗaya, magani ya ninka sau goma. Yarinyar da muka ɗaga wa maki bana don kunyar mahaifinta, wataƙila ita za mu tarar da sirinji a hannu ranar da aka kwantar da jikanmu.

Mun ambaci kunya, kuma a nan ne rayuwar cikin birni ta bambanta da ta waje. Malamin da ke koyarwa a cikin ganuwa ba baƙo ba ne ga ɗalibansa. Wannan ɗan maƙwabcinsa ne, wannan jikan limaminsu ne, wannan ƙanin matarsa ne, wancan kuma ubansa ne ya tsaya masa lokacin neman aure. Idan sakamako ya kusa fita, ba wasiƙa ake aiko masa ba. Bayan sallar isha'i za a yi sallama a zaure, dattijo ne da furfura, a gaisa, a tambayi iyali, sannan a ce, “Malam, yaron nan naka ne, a duba masa.” Wane ne cikinmu bai taɓa jin nauyin wannan kalma ba? Ba mu raina zumunci, da shi garin nan ya tsaya. Amma malamin da ba shi da komai a rubuce, shi kaɗai yake fuskantar dattijon, kuma in ya ƙi, ya zama mara mutunci a unguwa. Wanda kuwa ke da takarda mai sa hannun uba tun farkon zango yana iya ɗauko ta cikin ladabi ya ce, “Baba, ga abin da muka yi alkawari da ku. Ga gwaje-gwajensa uku, ga inda ya gaza. Ku turo mini shi ran Asabar mu zauna.” Takardar ta ɗauke masa rabin nauyi, ta kuma ba dattijon hanyar komawa gida ba tare da an kunyata shi ba.

Matsin ba daga zaure kaɗai yake zuwa ba. Akwai wanda ke zuwa daga ofis. Makaranta na son a ce ɗalibanta sun ci, musamman a jarrabawar tantancewa da gwamnatin jiha ke dubawa kafin ta biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawar fita, kuma kowa ya san abin da wannan kuɗi yake nufi ga gidan da ke fama da cefane. Sai a kira malami a ce jan biro ya yi yawa a takardarsa, ya je ya gyara. Ba a rubuta wannan umarni, da baki ake ba da shi, in asiri ya tonu kuma sa hannun malami ne a ƙasa.  Matsayin wannan reshe shi ne, duk wanda ke son a sauya makin da malami ya bayar, ya rubuta, ya faɗi dalili, ya sa hannu. Ɗan ƙungiyar da aka yi wa barazanar canjin wurin aiki ko aka danne masa ƙarin girma saboda ya ƙi taɓa maki, ya kawo mana maganar da wuri, kada ya bari sai takardar canji ta fito. Ƙungiyar nan tun kafuwarta a 1931 aikinta kare malami ne, kuma kare albashinsa ba ya cika in an bar alƙalaminsa a hannun wani.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba za mu nemi a girmama makinmu ba alhali mu ba mu yarda a duba shi ba. Ɗalibi na da haƙƙin a mayar masa da takardarsa ya ga inda aka ba shi da inda aka hana shi. A lissafin kemistiri kowane mataki na da makinsa: rubuta ƙa'ida, sa lambobi a gurbinsu, fitar da amsa, rubuta ma'auninta. Yaron da ya bi hanya daidai ya yi tuntuɓe a ƙarshe bai cancanci sifiri ba, wanda kuma ya rubuta amsa tsurarta ba tare da hanya ba bai cancanci cikakken maki ba. In ɗalibi ya ga an zalunce shi, a sami malami na biyu ya sake dubawa, kuma kada na farko ya ɗauki haka cin fuska. Sannan akwai maganar Turanci, wadda ke buƙatar fitowa tata daban. Da yawa cikin yaranmu sun gane abin da ya faru a cikin kwalbar gwaji sarai, za su bayyana maka shi da Hausa tiryan-tiryan, harshen jarrabawa ne ke kayar da su. Dole mu koya musu kalmomin da hukumar jarrabawa ke so, domin da su za a auna su, amma mu san a ranmu wanne ne yaron ya rasa, ilimin ko harshen, saboda maganinsu ba ɗaya ba ne.

Babban abin da za a jefe mu da shi mun san shi: yaya za ka rubuta wa yaro cewa za a auna shi a aikin hannu alhali ɗakin gwaje-gwajen a kulle yake, ko an mai da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma amsarta ita ce layin nan na uku. Malamin da ya sa hannu cewa za a yi aikin hannu sau kaza a zango ya sami hujjar zuwa ofis da takarda ya ce ga abin da aka yi wa iyaye alkawari, ina kayan aiki? Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, mun kuma yi maraba da haka. Muna roƙon kada abin ya tsaya a fenti da rufin kwano. A sa bututun awo da kwalabe da sinadarai da ruwa a cikin lissafi, a kuma ɗauki masu kula da ɗakunan gwaji, domin malami ɗaya ba zai koyar da aji shida sannan ya wanke kwalabe ya haɗa ruwan gwaji ba. Jihar nan ta taɓa nuna ta iya. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977 na gwamnati ne, 'ya'yan talakawa suka cika su, aka ba su kayan aiki aka kuma tsananta musu ma'auni, kuma yau asibitocinmu da jami'o'inmu cike suke da waɗanda suka fito daga can.

Kafin kayan su iso kuma, mu da ke cikin birni muna zaune ne a tsakiyar ɗakin gwaje-gwajen da ya girmi kowace makaranta. A marinar Ƙofar Mata, baba da toka ke jiƙa a karofi har su nuna. Marini ya tsoma zane ya fito da shi da launin kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka. Babin da ke ba ɗalibanmu wuya a aji biyu, na yadda sinadari ke karɓar iskar oksijin ko ya rabu da ita, shi ne wannan a fili. Majema na amfani da bagaruwa su mai da ɗanyar fata kirgin da ba ya ruɓewa. Ruwan zoɓo kuwa, in ka matsa masa lemon tsami ja ya ƙara haske, in ka jefa masa kanwa ya juya ya yi duhu. Da kuɗi kaɗan a kasuwar Kurmi aji guda zai ga yadda launi ke nuna asid da kishiyarsa. Wannan ba zai maye gurbin bututun awo ranar jarrabawa ba, kada wani jami'i ya karanta ya ce ashe ba ma buƙatar komai. Amma ya isa a ba yaro aikin da zai lura, ya rubuta abin da ya gani, a ba shi makin da ya yi gumi a kansa.

Ga iyaye da ke karanta wannan mujalla tare da mu, roƙonmu kaɗan ne. Idan ɗanku ya kawo 38, kada tambayar farko ta zama wane malami ne ya kayar da shi. Ku ce ya kawo takardar ku gani. Ku zo makaranta a mako na huɗu ko na biyar, lokacin da gyara ke yiwuwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ma iyaye ne, 'ya'yanmu na zaune a azuzuwan 'yan uwanmu, kuma mun san zafin ganin jan biro a katin yaro. Mun kuma san wasu cikinmu sun taɓa zama su ne masu sallama a zauren abokin aiki bayan isha'i.

Reshe ya nemi malaman kemistiri na makarantun da ke ƙarƙashinsa su zauna tare kafin a koma hutu, su fitar da falle ɗaya irin namu, da Hausa a gefe guda da Turanci a ɗaya gefen, domin uwar da ba ta yi boko ba ta ji abin da za ta dangwala wa hannu. A rubuta abin da za mu iya cikawa kawai: in gwaji biyu ajin mutum tamanin zai ɗauka, a rubuta biyu, a kuma yi su. Wanda ke da tsohon tsarin rabon maki da yake aiki da shi, ya taho da shi. Malaman fiziks da bayoloji da lissafi da suka ce su ma suna so, ƙofa a buɗe take, kuma sakataren reshe zai sanar da rana da wuri ta hannun wakilan makarantu.